Ƙanenka bai ƙi aiki ba, ƙarfinsa ne ya ƙare

Assalamu alaikum Goggo. Ni magidanci ne, shekarata 42, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Tun rasuwar mahaifinmu nauyin gida yake kaina. Damuwata ƙanena ne, ɗan shekara 31. Ya karanci aikin akanta a jami'a, ya fito da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa. Sau uku ina zubar da girmana ina roƙa masa aiki. Na farko a wani kamfanin rarraba kaya, wata bakwai aka sallame shi, wai ya gyara wa manaja lissafi a gaban baƙi. Na biyu a wata makarantar kuɗi, shi ya ajiye da kansa, ya ce hayaniya ta yi masa yawa. Na uku ya kai shekara ɗaya da rabi, kowa yana yabonsa, sai rana ɗaya kawai ya kasa tashi. Yau wata biyar ke nan yana ɗaki. Wanka sai Hajiya ta yi magana, hira ba ta wuce "e" da "a'a", in maƙwabta suka tayar da injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa kamar ƙaramin yaro. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Daga baya wani likitan ƙwaƙwalwa ya ce galahanga ce, wadda Turawa ke kira otizim, wai tun yarinta yake da ita. Ni dai ban gamsu ba, mai galahanga ne zai yi digiri? Yanzu wani abokina ya yi mini alkawarin gurbi a banki, a kantar karɓar kuɗi. Ina so in ba shi zaɓi: ko ya karɓa, ko in cire hannuna a kansa. Hajiya kullum kuka. Goggo, ki ba ni shawara.

Daga yayan wani, Tudun Wada, Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, kai kuma ya saka maka da alheri. Na san abin da ake nufi da mutum ya je gaban tsaransa sau uku yana murza hula saboda ɗan'uwansa, sannan a kira shi a waya a ce "yaron nan naka fa bai zo ba." Ɓacin ranka yana da dalili, ba zan ce maka babu ba.

Amma kada ka ba shi wannan zaɓin. Ka je ka yi wa abokinka godiya, ka ce masa a bar maganar gurbin tukuna. In ka tsaya a kan bakanka, ɗayan biyu ne zai faru: ko ya ƙi, ku ɓata, ko kuma, abin da na fi tsoro, ya cije ya karɓa don kada ya kunyata ka, ya yi wata uku ko huɗu, ya sake faɗuwa faɗuwar da ta fi wannan muni.

Ka ce mai galahanga ba zai yi digiri ba. Kalmar ce ta ruɗe ka, kuma ba kai kaɗai ba. Mu in an ce galahanga, abin da ke zuwa mana a rai shi ne yaron da ba ya magana, wanda sai an kula da shi a komai. Akwai irin waɗannan, kuma iyayensu na ɗauke da nauyi babba. Sai dai lalurar faɗi gare ta. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya haɗe nau'o'inta wuri ɗaya, tun daga wanda bai taɓa furta kalma ba har zuwa malamin jami'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da ita. Yaran nan girma suke yi. Suna cikin ofisoshinmu, da kasuwanninmu, da sahun masallatanmu, da yawansu ba su ma san sunan abin da suke fama da shi ba. Ba sammu ba ne, ba shafar aljanu ba ce, ba kuma laifin tarbiyyar Hajiya ba ne. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, ta wata hanyar take karɓar sauti da haske da maganar mutane.

Ka zauna da Hajiya ka tambaye ta yarintarsa. Ina kyautata zaton za ta ce maka yaro ne mai kunya, ba ya ɗaga ido ya kalli babba, ba ya yawon banza, in ya samu littafi ko wani abin wasa guda sai ya wuni a kai, ranar biki kuwa sai a neme shi a rasa, ya shige ƙuryar ɗaki. A ƙasashen Turai rashin haɗa ido na cikin abubuwan da ke sa a kai yaro asibiti. Mu nan ladabi muke kiransa, har mu sa albarka. Al'adarmu ta rufa masa asiri yana ƙarami, makaranta ma ta yi masa daidai, domin a can komai a rubuce yake: ga jadawali, ga tambaya, ga amsa. Sai da ya shiga duniyar aiki ƙasa ta zame masa.

Ka duba yadda muke aiki a ofis. Rabin aikin ba a takarda yake ba. Ka shigo da safe ka bi tebur tebur, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki, ya muka ji da zafi. Ka san wanda za ka rusuna wa da wanda za ka miƙa wa hannu. In oga ya ce "in ka samu sarari ka ɗan duba mini wannan," ka gane yanzu-yanzu yake nufi. In ya ce "za mu duba," ka gane an ƙi. In ya yi kuskure a gaban baƙi, ka kawar da kai, sai an watse ka bi shi ka ce "ranka ya daɗe, kamar na'urar ce ta ci lamba ɗaya." Ga adashi, ga gudummawar suna, ga ɗaurin aure ranar Asabar, ga habaici da ba'a waɗanda dole ka san lokacin dariyarsu. Ni da kai babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, shaƙarsa muka yi kamar iska. Ƙanenka kuwa haddace shi yake yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koyon baƙon harshe, kuma kullum sai ya fassara kafin ya amsa. Ranar da ya gyara wa manaja lissafi, a ransa taimako ya yi: lamba ba daidai ba ce, shi kuma don lambobi aka ɗauke shi. Ina da yaƙinin har aka miƙa masa takardar sallama bai gane laifinsa ba.

Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ga irinsu wannan karin maganar tana cutarwa, domin fuskarsu ba kullum take ba da labarin ba. Yana iya jin daɗinka har cikin ransa fuskar tana nan shiru, a ce girman kai. Yana iya kasancewa cikin azaba yana murmushin da ya koya a gaban madubi, a ce ai lafiyarsa ƙalau.

Wurin aiki na uku shi ya fi tsaya mini a rai, inda ka ce kowa yana yabonsa. Na fi zaton a nan ne ya ƙudurta ba zai sake ba ka kunya ba. Sai ya ari fuska ya sa. Ya tilasta wa kansa kallon idon mutane, ya haddace gaisuwa, ya danne motsin hannu ko kaɗa ƙafar da ke kwantar masa da hankali, ya jure ƙarar janareto da fanka da wayoyi goma suna ruri lokaci guda, alhali kunnensa ba ya iya tace su kamar naka. Shekara ɗaya da rabi, daga safe zuwa la'asar. Masu wannan lalura su ne suka fara kiran abin da ke biyo baya da suna "ƙonewa" a tsakaninsu, wato ƙarewar ƙarfi gaba ɗaya, kafin masana su waiwaye shi. A 2020 wata mai bincike a Amurka, Dora Raymaker, wadda ita ma tana da lalurar, ta wallafa nazari tare da abokan aikinta bayan sun saurari manya masu galahanga. Alamu uku suka fito fili: gajiya mai tsanani da ke ɗaukar wata uku ko fiye, rasa iya abubuwan da mutum ya saba yi da kansa, har da magana da kula da jiki, da kuma kasa jure ƙara ko haske ko taɓawa. Ka sake karanta wasiƙarka. Wata biyar a ɗaki, wanka sai an yi magana, toshe kunne saboda injin markaɗe. Ka lissafo su duka uku ba tare da ka sani ba. Fitila ce mai ya ƙare mata, ta koma cin lagwani. Ba a gyara irin wannan da ƙara murɗo lagwanin.

Zan gaya maka abin da ya sa maganar nan take taɓa ni. Na yi shekaru a sashen kula da ma'aikata na wata ma'aikata. Akwai wata yarinya da ke riƙe da ɗakin fayil. Kafin zuwanta sai a kwana biyu ana neman takarda, da ta zo kuwa ko lambar fayil ka manta, faɗa mata sunan kawai, za ta miƙe ta zaro shi. Amma ba ta shiga adashi, ba ta zuwa biki, abincinta ita kaɗai take ci, gaisuwarta kalma biyu. Mata suka yi ta kawo mini ƙorafi. Ni kuma da niyyar alheri na mayar da ita teburin karɓar baƙi, wai don ta sake da mutane. Wata rana da azahar, an tayar da janareto, na sauko zan yi alwala na same ta tsugune a ƙarƙashin matakala, ta cusa yatsu cikin kunnuwanta ta saman hijabi, tana kaɗa jiki gaba da baya, idanunta a rufe. Da ta ji motsina ta miƙe zumbur ta ce "yi haƙuri Hajiya, yanzu zan koma." Na ce mata ta daure. Ba ta cika wata uku ba ta daina zuwa. Mun rasa ma'aikaciyar da ta fi kowa iya aikinta, ita kuma ta rasa abincinta, kuma da hannuna na sa hannu a takardar canjin. Har yau in na tuna "yi haƙuri Hajiya" ɗin nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

Kada ka ɗauka matsalar gidanku ce kaɗai. A Birtaniya, inda ake da ƙididdiga, wani rahoton gwamnati na 2024 ya nuna cikin manya goma masu galahanga uku ne kacal ke da aiki, alhali cikin marasa nakasa takwas ne. Ba ƙarancin basira ne ke tare su ba. Da yawa a intabiyu ake zubar da su, inda ake auna iya zance da sakin fuska, ko kuma su shiga su ƙone irin yadda naka ya ƙone.

Akwai kuma ɗaya gefen. Mutumin farko da aka taɓa tabbatar wa wannan lalura a duniya, Donald Triplett, wanda likita Leo Kanner ya sa a farkon rahotonsa na 1943, a banki ya yi aiki, kusan shekara 65, a wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisifi. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Danginsa na da hannun jari a bankin, wannan gaskiya ne, amma abin da ya riƙe shi shi ne mutanen garin sun san halinsa, sun bar shi a yadda yake. Ka kwatanta da kantar banki a unguwar PZ ta Zariya ranar da albashi ya shigo: layi har waje, netwok ya ɗauke, wani dattijo na buga kanta, manaja na tsaye a bayanka yana ƙirga mintoci. Ko mai cikakken ƙarfi yana komawa gida da ciwon kai. A nan kake so ka zaunar da wanda injin markaɗen maƙwabta ke sa shi toshe kunne.

Yanzu abin da yake gabanku hutu ne, hutu na gaske, ba wanda ake leƙowa kowace safiya ana tambayar "to yaushe za ka fara fita?" ba. A rage masa hayaniya gwargwadon iko. Abin toshe kunne na roba ba shi da tsada, haka lasifikar kunne mai rage ƙara in da hali. A daina turo masa baƙi masu nasiha. A bar shi da abin da ransa ke so, ko da a ganinka ɓata lokaci ne, ko lissafi ne, ko kiwon tantabaru, ko karanta abu guda sau ashirin, domin ta nan ƙarfinsa ke dawowa. In taron jama'a ya fi ƙarfinsa a yanzu, a ɗauke masa zuwa biki da suna, kai ka wakilce shi. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, ba ta taɓa yin karo da asibiti ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai shi inda za a ɗaure shi, ko a doke shi, ko a turnuƙe shi da hayaƙi da sunan fitar da wani abu.

Ku koma wurin likitan, kai ma ka bi shi, ka yi duk tambayoyin da ka yi mini. Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Galahanga ba ta da maganin da ke warkar da ita, duk wanda ya ce yana sayarwa kuɗinku yake so. Amma ciwon damuwa da fargaba suna yawan haɗuwa da ita, su kuwa ana maganinsu, don haka a duba shi sosai. Akwai magana ɗaya mai nauyi da dole in faɗa: manya masu wannan lalura sun fi sauran mutane shiga haɗarin tunanin kashe kai, musamman a irin wannan hali, kuma musamman in suka fara jin sun zama kaya. In ka ji yana cewa gara ba ya nan, ko ya daina cin abinci, ko ya fara rabar da kayansa, kada a kwana, asibiti za a nufa. Ka ga dalilin da ya sa "zan cire hannuna a kanka" ba kalmar da za ta fito daga bakinka ba ce yanzu.

In ya fara farfaɗowa, kuma zai iya ɗaukar watanni, sai a zo maganar aiki. Wannan karon kada ka fara da neman gurbi. Fara da tambayarsa: a wuraren nan uku, wane ɓangaren aikin ne bai gajiyar da kai ba, wanne ne ya fi ci maka rai? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In baki ya yi masa nauyi, ya rubuta maka.

Daga amsarsa za ku ɗinka aikin daidai jikinsa. Mutum ne da ya iya lissafi, kuma ba ya iya ganin kuskure ya yi shiru. Ka san 'yan kasuwa nawa ne a Sabon Gari ke juya miliyoyi, lissafinsu yana cikin littafin makaranta da ƙwaƙwalwar yaron shago? Ka samo masa mutum ɗaya tak da ka yarda da shi, ya riƙa karɓo rasiɗai sau biyu a mako yana shigar da su kwamfuta a gida, yana fitar da riba da bashi a ƙarshen wata. In ya zauna daram, a ƙara na biyu. A harabar ABU ta Samaru da ta Kongo kuma ɗaliban digiri na biyu da na uku kullum suna neman mai shigar musu da alƙaluman bincike da tsara su. Kai ka zama bakinsa a wajen ciniki da karɓar kuɗi, shi ya yi aikin. Ba baƙon tsari ba ne a garin nan. Ka shiga cikin birni ka ga masu ɗinkin hannu a zaure, mutum ya duƙufa a kan aska takwas tun hantsi har la'asar bai ce uffan ba, wani ne ke kai rigar kasuwa. Babu wanda ya taɓa ce masa ba ya son mutane, gwani ake ce masa.

In kuma shi da kansa ya fi son aikin ofis, to a nemi abubuwa ƙanana tun kafin ya fara, waɗanda ba sa cin ko sisin mai kamfani. A ba shi umarni a rubuce, ko ta WhatsApp ne, a faɗi ranar da ake so. Mutum ɗaya ya zama shi ke ba shi aiki. A ajiye teburinsa nesa da ƙofa da janareto. In za a canja wani abu a sanar da shi tun da wuri. A ce masa ƙarara, in ka ga kuskuren oga, rubuta ka ba shi shi kaɗai. Maimakon intabiyu, a roƙi a gwada shi da aikin mako guda. Manyan kamfanoni irin su SAP tun 2013 da Microsoft tun 2015 sun buɗe hanyar ɗaukar masu galahanga ta irin wannan gwajin, don sun ga amfanin kansu a ciki. Sai dai kada ka je ka gaya wa mai ɗaukar aiki sunan lalurarsa ba da izininsa ba. Sirrinsa ne, kuma ka san yadda kalmar take sauka a kunnen mutanenmu. Ana iya cewa "ya fi ƙwazo a wuri shiru, kuma a rubuta masa" ba tare da an ambaci komai ba.

Ta fuskar doka, akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin hukumomin gwamnati, kuma ba ta tsaya ga nakasar da ido ke gani ba, ta haɗa da ta ƙwaƙwalwa. A aikace dai jami'ai da yawa keken guragu da sandar makafi kawai suka sani, don haka ka riƙe ta a matsayin hujja in an zalunce shi, ku adana takardar likita, amma kada ka jingina abincinsa a kanta.

Na san aljihunka ne ke ɗaukar duk wannan, kuma kai ma kana da iyali. Ka tara sauran 'yan'uwa ka faɗa musu abin da likita ya ce, a raba nauyin, ko na wata shida ne. Hajiya kuma ka gaya mata ba ita ta jawo ba, don na san abin da take kuka a kai ke nan.

Yau da dare bayan isha'i, kada ka shiga ɗakinsa ka tsaya masa a ka. Tura masa saƙo a waya, gajere, babu habaici, don yadda ka rubuta haka zai ɗauka. Ka ce masa: "Na fasa maganar banki. Na yarda ka gaji, ba lalaci ba ne. Ba zan cire hannuna a kanka ba. In ka shirya, rubuto mini abubuwa uku da suka fi damunka a gidan nan, in ga wanda zan iya gyarawa." In bai amsa a daren ba, kada ka ƙwanƙwasa ƙofa, irinsu sukan ɗauki kwanaki suna juya magana kafin su mayar. Bayan wata biyu ka sake rubuto mini in ji inda aka kwana, in kuma shi yake so ya rubuto da kansa, ka ba shi adireshin.